Ranar da Na Cika wa Uwar Darhan Kwanon Shayi

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto min cewa mace mai hankali ba ta fifita ƙarfe a kan miji. 'Yar uwa, na ji, Allah ya bar ki da naki mijin. Amma ki bari in kai ƙarshen zancen, sannan ki yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Meruyert, shekarata ashirin da shida, 'yar Almaty ce ni a ƙasar Kazakistan, kuma 'yar bakanike. Ni da Baba muka sayi wata tsohuwar motar asibiti da aka yi gwanjonta, muka shafe hunturu biyu a garejinsa muna mayar da ita gida. Muka sa mata gadaje uku, murhun gas, tankin ruwa, da kabad mai sakata don kada kwanuka su zubo a hanya. Kakata, uwar Baba, wadda muke kira Apa, ita ta raɗa mata suna Taguwa, wai don tana da doro a sama kuma ba ta tashi sai ta yi gunaguni.

Mu uku muka fita a watan Mayu, ni da Baba da Apa. Mama ta ce ita ba kaza ba ce da za a sa ta a akurki, ta yi zamanta a gida. Muka ratsa Uzbekistan, muka hau duwatsun Tajikistan, muka gangaro Kirgistan. Tun a mako na biyu idon Baba ya fara yi masa ruwa in rana ta haske hanya, don haka sitiyari ya dawo hannuna. Kwana ɗari da tara ni ke jan Taguwa, kuma ko kaza ban taka ba.

Saura kwana uku mu koma gida, muna fake a bakin tafkin Issik-Kul, kusa da ƙauyen Tamga, a ƙarƙashin bishiyoyin tuffa na wani dattijo da ya ba mu wuri. Da safe ina shanya safa a jikin madubi sai saƙon Mama ya shigo.

"Gobe ki wanke kanki. Ki sa shuɗiyar rigar nan mai dogon hannu da ke ƙasan jakarki. Ki kankare farcenki."

Wace shuɗiyar riga? Ni wando huɗu na ɗauko da rigunan sanyi. Na zazzage jakar a kan gado, sai ga ta can ƙasa a naɗe cikin leda, da ɗankwalinta fari, har da takalmi mai tsini. Ashe tun watan Mayu Mama ta cusa min su, na yi ta yawo da su ƙasa uku ban sani ba.

Apa na zaune a bakin ƙofar motar tana tsotsar busasshen cuku. Na tsaya a kanta da rigar a hannu.

"Apa, me ake ƙullawa?"

"Ni tsohuwa ce, kunnena ba ya ji."

"Jiya daga bakin ruwa kika ji Baba yana buɗe kwalbar zuma."

"Zuma daban," in ji ta, ta ci gaba da tsotsarta.

Na zagaya wajen Baba. Ƙafafunsa kawai na gani, sauran jikin yana ƙarƙashin mota.

"Baba, me ya lalace?"

"Salansa ce take ɗan motsi."

"Ni na ɗaure salansar nan shekaranjiya."

Sai ƙarar sifana tana dukan ƙarfen da babu abin da ya same shi. Nan na san ruwa ba ya tsami banza, na kira Mama.

Ba ta ɓoye min ba, don Mama ba ta iya ɓoye abin da take alfahari da shi. Gobe da rana za su iso, ita da saurayina Darhan da mahaifiyarsa Gulbarshin, za a sa min 'yan kunne. A wajenmu in uwar saurayi ta sa wa yarinya 'yan kunne da hannunta, magana ta ƙare, yarinya ta zama tasu, sai jiran ranar biki.

"A bakin tafki, Mama? Gidanmu ya rushe ne?"

"Gulbarshin ta ce gara a gama kafin ki shigo unguwa a kan sitiyari kamar direban tirela, mutane suna kallo."

"To in an sa 'yan kunnen, Taguwa tashi za ta yi sama ta kai kanta gida?"

"Babanki zai lallaɓa ya kawo ta. Daga nan ƙanin Gulbarshin zai karɓa. Yana da gonar tuffa a Talgar, yana neman ɗakin mai gadi. Za a cire mata tayoyi a ɗora ta kan bulo, kin ga ba ta lalace ba ke nan."

Wallahi sai da na dafa jikin motar. A cire mata tayoyi. Tayoyin da na canza da hannuna a kan dutse, iska tana neman ɗauke ni, Apa tana riƙe min notuna a cikin ɗankwalinta.

"Wa ya yarda da wannan?"

"Ni na yarda. Kin yi yawonki, Meruyert, babu wanda ya hana ki. Wata huɗu. Wace yarinya aka bari ta yi haka? Yanzu sai ki zauna kamar kowa."

Na kashe wayar ba tare da sallama ba, abin da ban taɓa yi mata ba.

Kada ku ɗauka Darhan wani ne aka liƙa min. Ni na zaɓi abina, kuma ina son sa, ba na jin kunyar faɗa. Malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, dogo, mai tabarau, mutumin da ya san sunan kowane kogi a duniya amma bai taɓa wuce awa uku daga gidansu ba. Shekara biyu da suka wuce ya kawo motar mahaifiyarsa garejinmu, ya same ni da sifana a hannu, baƙin mai har goshi, ya ce, "Don Allah ina bakaniken?" Na ce masa ya fita, sai ya jira. Ya zauna awa guda a kan benci yana jiran bakanike, ni kuwa na gama gyaran na miƙa masa makulli. Tun daga ranar yake ba ni haƙuri, har haƙurin ya zama wani abu daban.

Duk tsawon tafiyar nan kullum sai ya tambaye ni inda muka kwana, ya soka allura mai jan kai a taswirar bangon ɗakinsa, ya turo min hoto. Ya san burina sarai: bazara mai zuwa in fara ɗaukar matafiya a Taguwa, in kai su hanyoyin da na koya. Shi da bakinsa ya ce zai riƙa yi musu bayanin duwatsu.

Na rubuta masa: "Ka san da maganar bulo?"

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na ƙirga sau biyar.

"Za mu yi magana in na zo."

"Tambayarka na yi. Ka sani?"

"Na sani. Meru, ki bari a sa 'yan kunnen tukuna. Daga baya a hankali zan shawo kanta."

"A hankali tayoyin za su koma da kansu?"

Ya turo min hoton zuciya. Na turo masa hoton taya.

Washegari na wanke kaina da ruwan tafki mai sanyin tsiya, na sa shuɗiyar rigar. Ba don na sallama ba, sai don kada a ce 'yar Sabit bakanike ba ta san karɓar baƙi ba. Rigar ta yi min kyau, wannan kam ba zan yi wa Mama ƙarya ba: yadi mai nauyi, da aikin zare ruwan azurfa a wuya da bakin hannu. Sai dai ba ta rufe bayan hannuna na hagu ba, wanda rana ta gasa ta taga har ya fi na dama duhu. Takalmin mai tsini kuwa na bar shi a leda, na sa kambas ɗina. Makullin Taguwa yana wuyana a igiyar fata, inda yake tun ranar da muka fito, na tura shi cikin riga.

Apa ta soya baursak, wato fankenmu, cike da kwano, ta yanka tuffa, ta zuba zuma da kirim. Sannan ta buɗe kabad ta fito da kwanukan shayinta guda shida, ƙananan tangaram masu zanen shuɗi, na aurenta, kowanne a cikin ƙafar safa. Duk ramukan hanyar da muka faɗa, ko ɗaya bai tsage ba.

"Ke za ki zuba shayi," in ji ta. "Kin dai tuna?"

Ina zan manta. A kan duwatsun Tajikistan wani makiyayi ya shigo mana, ni kuwa don tausayin sanyin da ya kwaso na cika masa kwano. Apa ta kwaɗa min cokali a bayan hannu a gabansa. Baƙon da kake so, kurɓi biyu kake zuba masa, ya shanye ya miƙo, ka ƙara, ya miƙo, ka ƙara, hira tana tafiya. Cika kwano har baki kuwa, ka ce masa ya sha ya kama gabansa ke nan. Ranar sai da Apa ta juye shayin nan a buta, ta ba mutumin haƙuri kamar na zagi ubansa.

"Na tuna, Apa."

Ta dube ni ta gefen ido. "Shi ya sa na tambaya, botam." Haka take kirana, wai 'yar raƙumarta.

Da azahar baƙar motarsu ta gangaro ta cikin bishiyoyi, Darhan ke ja, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mama ta fara fitowa cikin rigarta ta zuwa biki, ta rungume ni, ta raɗa min a kunne, "Ina takalmin?" Sai Darhan, cikin farar riga da kwat a wannan zafin, ya rame, ya yi aski. Zuciyata ta buga, na ji haushinta. Wata huɗu ban gan shi ba, kuma da ba don idon manya ba da na manta da fushin gaba ɗaya.

Gulbarshin ta fito a ƙarshe. Doguwa ce kamar ɗanta, tsohuwar shugabar makaranta, da falmaran ta koren karammiski a kan farar riga, da farin ɗankwali, da haƙoran zinariya biyu da ba a ganinsu sai ta ga dama. Na gaishe ta da hannu a ƙirji. Ta kama hannayena biyu ta juya su, ta duba gaba ta duba baya.

"Hannu ɗaya na amarya, ɗaya na kwandasta," in ji ta, ta yi dariya. Mama ta taya ta.

"Dukkansu suna aiki, Tate," na ce. Haka muke kiran babbar mace don girmamawa.

Ta leƙa cikin Taguwa, ta ƙwanƙwasa bango, ta buɗe kabad ta rufe. "Aiki mai kyau, Sabit. Ba ta yoyo?"

"Ko ɗigo," in ji Baba. "Meruyert ce ta yi rufin."

"Madalla. Mai gadi zai ji daɗinta da hunturu."

Baba ya dubi ƙasa. Ubana mutum ne da zai iya kwance inji ya mayar ido rufe, amma in mata biyu suka haɗa baki, sai ya nemi ƙarƙashin mota.

Muka zauna a shimfiɗa a inuwar Taguwa. Apa a sama, Gulbarshin a damanta, sai Mama, sai Baba, sai Darhan. Ni ina bakin shimfiɗa kusa da buta, wurin mai zuba shayi. Na sa madara, na zuba kurɓi bibbiyu, na miƙa da hannun dama, hagu tana tallafe da gwiwar hannu. Na san idon Gulbarshin yana kaina, don haka ko ƙarar cokali ban bari an ji ba. Zagaye uku aka yi ana hirar hanya da tsadar nama.

"Ta iya shayi," in ji Gulbarshin ga Mama, kamar ba na wurin.

"Ai na faɗa miki. Kan ne kawai da ɗan tauri, shi ma aure zai gyara."

Sai Gulbarshin ta buɗe jakarta ta fito da ɗan akwati ja. 'Yan kunnen zinariya ne, tsofaffi, masu siffar jinjirin wata, da jan dutse a tsakiya. Na uwar mijinta ne, ta ce, ita ma da su aka karɓe ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, sun yi kyau, har kunnena ya yi ƙaiƙayi.

"Matso, 'yata." Ta riƙe akwatin a hannun dama, ta buɗe tafin hagu. "Amma fara ba ni abin da ke wuyanki in ajiye miki. Zinariya da makullin mota ba sa zama a jiki ɗaya."

Ashe ta ga igiyar.

"Tate, motar nan ni na gina ta."

"Na sani. Ba raina aikinki na yi ba." Muryarta ta sauka. "Uban Darhan direba ne, an faɗa miki. Shekara goma sha tara ina shirya masa guzuri ina tsayawa a taga. Ran nan aka kawo min hularsa da agogonsa. Darhan yana da shekara tara. Hanya ta ci min miji, ba zan ba ta surukata ba, ba zan ba ta uwar jikokina ba. Ban iya sake tsayuwar taga ba."

Wannan maganar ta shige ni, kuma duk wadda ta ce ba ta shige ta ba, ba ta da zuciya. Na tausaya mata har cikin raina. Amma tausayi daban, miƙa wuya daban. Tsoronta take so in sa a jikina in yi ta yawo da shi har in tsufa.

Apa ta tauna baursak ɗinta ta haɗiye. "Allah ya ji ƙansa. Nawa mijin a kan gado ya mutu, da bargo biyu a kansa. Ban hana kowa kwanciya ba."

"Apa!" in ji Mama.

"Me na ce? Ni a bayan raƙumi aka kai ni gidan miji, kuma ni na riƙe akala, don angon tsoron raƙumi yake."

Babu wanda ya yi dariya. Tafin hannun Gulbarshin yana nan a buɗe. Na juya na dubi Darhan. Kalma ɗaya nake nema, ko da "Mama, bari" ce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ƙura wa kwanon zuma ido kamar an rubuta amsar jarrabawa a ciki.

"Darhan," na ce, "ba ka da magana?"

"Meru... ba yau ba. A yi abin da aka zo yi tukuna."

To. An yi walƙiya, na ga kowa.

Kwanon Gulbarshin yana gabana, ta miƙo shi tun ɗazu don ƙari. Na ɗauki buta. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ina so ku sani. Na zuba kurɓi biyu, ban tsaya ba. Ya kai rabi, na ji Mama ta ja numfashi. Ya wuce zanen shuɗin. Na ci gaba har shayin ya tsaya cif da bakin kwano, yana sheƙi, ɗigo ɗaya in aka ƙara zai zube. Na tallafe shi da hannu biyu, na ajiye a gabanta ba tare da ya zuba ba. Wanda ya yi wata huɗu yana zuba shayi a motar da ke fake a gangaren dutse, wannan ba komai ba ne a wajensa.

"Bismillah, Tate."

Na saci kallon Apa, ina jiran cokali. Cokalin yana hannunta. Ta sa shi a zuma ta lasa.

Gulbarshin ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta rufe jan akwatin, ƙaras, ta mayar jaka.

"Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane," in ji ta, "ba a taɓa cika min kwano ba." Ta miƙe ta kakkaɓe falmaran. "Sabit, na gode da abinci. Darhan, tashi."

Mama ta bi ta da gudu tana kiran sunanta, tana rantsuwa cewa kuskure ne, yarinya ta gaji, rana ta taɓa mata kai. Da ta ga ba ta juyo ba, ta dawo kaina, fuskarta jawur.

"Kin kashe ni. Da wane ido zan kalli mutane? Ki tashi ki ba ta haƙuri yanzun nan."

"Zan ba ta haƙurin shayi, Mama. Makulli kuwa yana wuyana."

"Sabit, kana ji? Ka yi magana mana!"

Baba ya yi gyaran murya sau biyu. "Ni dai," in ji shi a hankali, "ko an ba ni makullin, ba na ganin hanya. Da me zan kai ta Talgar?" Iyakar jarumtar ubana ke nan, kuma na karɓa da godiya.

Darhan bai tashi ba tukuna. Yana zaune da kwanonsa babu komai a ciki, yana juya shi a hannu. Uwarsa ta danna hon. Ya miƙo min kwanon. Na so in cika masa shi ma, wallahi na so, har na karkata butar da niyya. Hannuna ya ci amanata, ya tsaya a kurɓi biyu. Ya kalli shayin, ya kalle ni, ya shanye. Hon ya sake tashi. Dole ya tafi, don daga uwarsa har tawa babu mai iya tuƙi. Ya miƙe, ya gaida Apa, ya juya, Mama ta bi bayansa. Sai da motarsu ta ɓace a cikin bishiyoyi Apa ta ƙirga kwanukanta.

"Biyar," in ji ta. "Malamin makaranta ya yi min sata."

"A aljihun kwat ya sa," in ji Baba. "Na gani."

Apa ta mayar da biyar ɗin cikin safa, ta bar ƙafar safa ɗaya a waje. "Kwanon aurena ba ya kwana a gidan wani. Zai dawo. Abin da za ki duba, botam, shi zai kawo ko aikowa zai yi."

Na shiga bayan mota na cire shuɗiyar rigar na yi kuka, kukan gaske, mai majina. Da na gama na sa wandona na duba baƙin mai da ruwan lagireto, don hanya ba ruwanta da wanda aka ɓata wa rai.

Kwana biyun da suka rage ba su yi daɗi ba. Muka zagaya tafkin ta gabas, muka kwana a Karakol, muka sayi kifi mai hayaƙi da babu wanda ya ci. Duk abin da na taɓa a cikin Taguwa sai in tuna wani wuri: tsagar gilashin da dutse ya yi mana, labulen da wata mata ta ɗinka mana a Samarkand, lotsawar ƙofar da wani jaki ya yi. Wayata kuwa kamar an binne ta. Darhan bai tambayi inda muka kwana ba, karo na farko tun da muka fito. Na buɗe sunansa ya fi sau ashirin, ban rubuta komai ba. In kuna jiran in ce na yi nadama, ku ci gaba da jira. Ciwo na ji, ba nadama ba.

Ranar ƙarshe muka hau hanyar Karkara, inda kan iyaka yake a tsakiyar fili, babu komai sai ciyawa da dawakai da 'yan ɗakunan jami'ai. Wani jami'i matashi ya karɓi takardun mota ya nufi Baba.

"Direba, zo ka sa hannu."

"Ga direba nan," in ji Baba, ya nuna ni da haɓa. Na ji daɗin yadda ya faɗe ta.

Aka buga mana hatimi, aka ɗaga sandar. Taguwa ta yi gunaguninta ta taka ƙasarmu. Ban yi tafiyar minti biyu ba Apa, wadda ke kujerar gaba, ta ce, "Wancan dogon ba ɓarawona ba ne?"

Shi ne. Yana tsaye a bakin hanya shi kaɗai, babu mota, babu kwat, ƙura har gwiwa, da 'yar jaka a baya. Kwanon yana hannunsa. Na wuce shi da kamar taku ashirin don ya ɗanɗana, sannan na taka birki. Ya biyo mu da sassarfa. Na sauke gilashi, ban buɗe ƙofa ba.

"Da me ka zo?"

"Motar haya zuwa Kegen. Daga nan wani mai ɗaukar ciyawa. Sauran da ƙafa." Yana haki. "Ban taɓa zuwa nan ba. A taswira ya fi kusa."

"Kawo kwano ka yi, ko me?"

Ya miƙo shi ta taga, amma bai saki ba. "Ƙari nake so."

"'Yan kunnen fa?"

"Ta ce kunnenki ba zai gan su ba muddin kina tuƙi. Na ce mata to a bar su a akwati. Tun shekaranjiya ba ta yi min magana ba. Ya kamata in faɗa a can, gaban kowa. Tsoro na ji."

"Na gani ai. Kwanon zuma ma ya gani."

Na karɓi fulas daga hannun Apa, na zuba masa kurɓi biyu. Ya shanye a tsaye.

"Kujerar direba da mai ita," na ce.

"Na sani."

"Ta gaba ma da mai ita," in ji Apa. "Ɓarawo baya yake zama. Ba ni kwanona."

Ya zagaya ya shiga, ya zauna a kan gadon Baba, gwiwoyinsa har ƙirji. Apa ta mayar da kwanon cikin safarsa. Ina shirin tashi wayata ta yi ƙara a kan dashbod. Mama ce, saƙonta na farko tun bakin tafki.

"Gulbarshin ta kira ni tana kuka, ɗanta ya bar gida. In yana tare da ke, kuma kika shigo Almaty a kan sitiyarin nan, kada ki tsaya a ƙofata."

Na karanta sau biyu. Na miƙa wa Baba, ya kai wayar kusa da hancinsa ya karanta, ya miƙo min. Ta madubi na ga Darhan yana kallona. Awa huɗu ne tsakaninmu da ƙofar Mama, kuma ban san wata ƙofar da zan tsaya ba in ba ita ba.

"Botam," in ji Apa, "rana tana yi."

Na kife wayar, na taka kuloc, na sa giya.